Ranar da giwan ruwa ya kusa tafiya da ɗana a Lagdo



Na san da yawa daga cikinku kun ga hoton nan da ya zagaya a WhatsApp a ƙarshen hunturun da ya wuce. Wani yaro ne siriri da jar rigar ƙwallo, ya tsayar da kifin da ya kusa kai shi tsawo, baki har kunne. Hoton ya bi zaurukan 'yan kasuwa daga Garwa zuwa Marwa, ya tsallaka Yola, har wani abokina da ke zaune a Kumasi ya turo mini yana tambaya wai ko na san yaron. Na san shi mana. Ɗana ne na cikina, shekararsa 11.

Kwana uku wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce, "Alhaji, ashe Sarkin ruwa ka haifa mana!" Wancan ya ce a ajiye masa kai. Ina ta amsa barka, amma zuciyata ba ta tare da bakina. In hoton yana nan a wayarku, ku sake buɗe shi ku nemi hannun yaron na dama. Ba za ku gan shi ba, ya ɓoye shi a bayan kifin. Labarin wannan hannu nake so in ba ku, don tun da hoton ya fita kusan kowane yaro a unguwarmu ya je ya sayi ƙugiya, kuma na tabbata ba unguwarmu kaɗai ba ce.

Mu a bakin ruwa baƙi ne

Ni mutumin Daura ne. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya da na kududdufi. Shekara 19 ke nan da na shigo Kamaru. Na fara da tallan takalma a Garwa, daga baya Allah Ya buɗe mini ta hanyar kifi, na dawo Lagdo da iyalina. Ina saye daga hannun masunta, mata su yi mini banda, in ɗaure a kwali in aika Garwa da Ngaundere, wani lokaci har Yola da Mubi. Da kuɗin kifi na gina gida, da shi na je Makka. Amma har ranar da abin nan ya faru ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Lagdo madatsar ruwa ce da 'yan China suka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Ita ke ba arewacin Kamaru wutar lantarki, ita ce kuma 'yan uwanmu na Najeriya ke jin sunanta a rediyo duk lokacin da aka ce za a saki ruwa, musamman tun ambaliyar 2012 da ta 2022. Tafkin da ya taru a bayanta ya jawo mutane daga ko'ina. Akwai Musgum da Kotoko daga can arewa, akwai masunta daga Najeriya da Chadi da Mali, sai kuma irinmu da muka biyo bayansu da sikeli da jakar kuɗi.

To a nan matsalar take, kuma ban lura da ita ba sai da ta taɓa ni. Ɗan masunci tun yana rarrafe yake cikin kwale-kwale. Kafin ya iya haɗa baƙi a allo ya iya iyo, ya san inda ke da zurfi, ya san sawun dorina. 'Ya'yanmu kuwa makaranta ɗaya suke da su, filin ƙwallo ɗaya, kuma duk inda waɗancan suka sa ƙafa su ma nan za su sa. Sai dai a gida babu wanda ya taɓa koya musu komai a kan ruwa, don mu iyayen ba mu sani ba. Abin da muka iya kawai shi ne, "Kada in ji ka je bakin ruwa." Mu faɗa, mu tafi kasuwa tun da asuba, sai magariba.

Yadda abin ya faru

Ranar Laraba ce, an tashi makaranta da wuri. Su uku ne: ɗana, da ɗan telan da ke maƙwabtaka da mu, da wani ɗan masunci mai shekara 13. Ashe sun daɗe suna zuwa fatsa a kan wasu duwatsu da ke gaba da inda jirage ke sauke kifi. Da tana suke yi, su kamo 'yan ƙananan karfasa da ƙurungu, su gasa a can su cinye, su wanke baki su dawo gida kamar daga ƙwallo suke.

A ranar sai ɗan masuncin ya ɗauko zare mai kauri da babbar ƙugiya daga jirgin babansa. Suka kama 'yar karfasa mai rai, suka soka mata ƙugiyar a baya, suka wurga can inda ruwa ya yi duhu. Aka yi la'asar, shiru. Ɗan masuncin ya gaji, ya miƙa wa ɗana zaren ya tafi duba sauran sandunan. Shi kuma gogan naku yana so ya ci gyaɗa da hannun hagu, sai ya naɗe zaren a hannun dama, naɗi huɗu, wai don kada ya suɓuce.

Ya ce mini bai ji wani motsi ba kafin nan. Kawai sai ya ji an fizge shi kamar babur ya ja shi. Ya faɗi rub da ciki, ya zame a kan dutsen, ya tafi cikin ruwa har ƙirji. Allah Ya sa ƙafarsa ta maƙale a wata tsaga, ɗan telan kuma ya yi ta maza ya cafke masa riga yana ihu. Ya yi ƙoƙarin warware zaren, ina! Zaren roba in ya ɗaure ana ja, ƙara shiga nama yake yi.

Wani dattijo masunci yana gyaran koma a cikin jirginsa ba nisa da su. Shi ya tuƙo da sauri, ya kama zaren ta gaban hannun yaron da tsumma, ya ja shi wajensa har ya yi sako-sako, ya warware naɗin. Sannan ya ɗaure ƙarshen zaren a jikin wata jarka da babu komai a ciki, ya jefa ta ruwa. Kifin ya yi ta yawo da jarkar, ya nutsar da ita ta taso, ya nutsar da ita ta taso, dattijon yana bin ta a hankali. Sai da aka yi fiye da rabin awa kafin kifin ya gaji ya juyo da ciki sama.

Ni duk wannan ban sani ba. Ina rumfata ina lissafi sai na ji hayaniya, yara sun yi dafifi, samari biyu sun saɓo kifi a sanda. Wurina suka kawo shi don sikelina ne mafi kusa. Na ɗora, ya nuna kilo 23. Wallahi har na fara lissafin abin da zan taya. Na ce, "Na wane ne?" Yara suka haɗa baki, "Na ɗanka ne!" Na yi dariya, na zaci wasa suke. Wani saurayi ya tsayar da shi kusa da kifin ya ɗauki hoton nan da kuka gani. Bayan an janye kifin ne na ga tsumman da ke hannunsa ya jiƙe sharkaf da jini.

A asibiti aka yi masa ɗinki shida, aka yi masa allurar tetanus. Ma'aikaciyar ta ce da zaren ya ƙara shiga kaɗan da ya taɓa jijiyar yatsu. Ta ɗora shi a sikelinsu, ya nuna kilo 29. Na tsaya ina kallon lambar nan. Kilo shida ne kawai tsakaninsa da abin da ya ja shi.

Wane ne giwan ruwa?

Mu da muke sayar da shi mun san shi a kan tebur, mun san farin namansa marar ƙananan ƙayoyi, mun san masu otal a Garwa da shi suke tallar abincinsu, suna ce masa kafiten. Amma kaɗan daga cikinmu suka san halinsa a cikin ruwa.

Giwan ruwa mafarauci ne, kifi yake ci. Yana son gindin duwatsu da inda ƙasa ta gangara ruwa ya yi zurfi farat ɗaya, ya laɓe a nan yana jiran ƙananan kifaye. Ya fi farauta da sassafe da kuma in rana ta yi sanyi. Ba ya ɗanɗana abinci kamar karfasa. Buɗe baki yake yi ya zuƙe shi gaba ɗaya, ya juya ya zura da gudu. Wannan gudun farko shi ne mai haɗari. Yana iya kaiwa tsawon mita biyu, nauyinsa ya kusa kilo 200. Wanda ya fi girma da aka rubuta an kama da sandar fatsa, a tafkin Nasser na ƙasar Masar ne a shekarar 2000, kilo 104. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, kifin da ya ci gasa a 2020 kilo 78 ne. Ku lura kuma, a Argungu ƙarti ne majiya ƙarfi ke shiga Matan Fada da homa da gora, mutanen da suka gaji su kaka da kakanni.

Wato na ɗana, a wurin giwan ruwa, matashi ne. Amma ku yi lissafin da na yi a asibiti. Kifi a cikin ruwa ba ya ɗauke da nauyin jikinsa, ruwa ne ke ɗauke da shi, duk ƙarfinsa a kan gudu yake. Yaro kuwa yana zaune a kan jiƙaƙƙen dutse, babu abin riƙewa. Ko da kilo 10 ne kifin, zai iya jefa shi ruwa. Kuma da zarar ya faɗa da zare a hannu, kifin ƙasa zai yi da shi.

Daren da ba a yi barci ba

Da muka dawo gida, mahaifiyarsa ta ga bandeji, ta ji labari, sai ta zauna a ƙasa. Da ta samu bakin magana ta ce, "Alhaji, ni dai ka mai da mu Garwa. Ko ka aika shi Daura wurin Baffa. Ba zan zauna ina jiran ranar da za a kawo mini shi a tabarma ba."

Ni kuma na riga na ciro bulala. Abin da ya hana ni shi ne hannun nan, da kuma wata tambaya da na yi masa. Na ce, "Tun yaushe kake zuwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun ina aji uku, Baba." Shekara biyu da wani abu ke nan. Sau nawa na ce kada ya je? Ba adadi. Sau biyu ma na taɓa dukansa a kan jiƙaƙƙen wando. Abin da dukan ya koya masa shi ne ya riƙa shanya wando kafin ya shigo gida.

Na ce wa uwar, "Hajiya, Garwa ma a bakin Binuwai take. Daura kuma akwai kududdufi, kin manta yaran da ake rasawa duk damina?" Ta ce, "To sai mu zuba ido?" Ban da amsa a daren nan.

Washegari telan ya zo har gida, ransa a ɓace. Ya ce ɗana ne ke jan nasa. Kafin azahar kuma masuncin da aka ɗauki ƙugiyarsa ya aiko wai kifin nasa ne, tunda da kayansa aka kama. Wani dillali daga Garwa ya riga ya saye shi jaka 50, kuɗin suna hannuna. Na ga abin zai zama rigima tsakanin maƙwabta, sai na ce mu je wurin dattijon da ya ceci yaron, duk abin da ya yanke shi ke nan.

Abin da dattijon ya faɗa mini

Mun same shi a gindin bishiya yana ɗaura ƙugiyoyi a mamari. Maganar kuɗi bai ɓata lokaci a kanta ba. Ya ce a raba biyar: yaran uku kowa jaka 10, mai ƙugiya jaka 10, sauran a yi sadaka don Allah Ya tsare. Na ce, "Baba, naka fa?" Ya ce shi ba kifi ya je kamawa ba. Sai da na haɗa shi da Allah kafin ya yarda ya karɓi buhun gero daga aljihuna.

Da sauran suka tafi ya ce in zauna. Ya ce, "Alhaji, ka iya ruwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To kai da ɗanka duk ɗaya kuke, sai dai shi ya fi ka kusa da shi. Hana shi ba zai yi ba. Yaron da ya ji kifi ya ja zare a hannunsa ya riga ya kamu, ko ka ɗaure shi a turke zai koma. Ka kawo mini shi in koya masa yadda ake tsoron ruwa."

Na ce ai tsoron ne ba ya ji. Ya ce, "Wanda bai san abu ba, ba ya tsoronsa daidai. Ko ya ji tsoron banza, ko ya ƙi ji gaba ɗaya."

Na yi kusan awa biyu a wurinsa, kuma abin da na ɗauko shi nake so in raba da ku, haɗe da abin da ma'aikatan asibiti suka ƙara mini.

Na farko, zare ba ya hawa jiki. Ba a naɗa shi a hannu, ko yatsa, ko ƙafa, ko ƙugu. A naɗa shi a guntun itace ko a gorar roba, abin da in ja ya yi ja za a iya saki. Dattijon ya sa ɗana ya maimaita sau uku a gabana cewa kifin da ya fi ƙarfinsa ba rabonsa ba ne.

Na biyu, kayan yaro daban, na babba daban. Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Mu 'yan kasuwa in za mu saya wa yaro abu, mai ƙwari muke nema. A fatsa kuwa siririn zare shi ne kariyar yaro, don in babban kifi ya kama, zaren zai tsinke kafin yaron ya motsa. Ƙaramar ƙugiya da tana sun ishe shi. Zare mai kauri, babbar ƙugiya da kifi mai rai a matsayin abinci, wannan kiran giwan ruwa ne, aikin manya ne.

Na uku, wuri da lokaci. Yaro ya tsaya inda yashi ya gangara a hankali, ba kan dutsen da ƙarƙashinsa rami ne ba. Kada ya kusanci ƙasan madatsa, don ruwa na iya ƙaruwa ba tare da ya ankara ba. In ya ga sawun dorina ko kashinta, ya bar wurin. Kuma ya baro bakin ruwa tun rana da sauran tsawo, domin da yamma ne manyan kifaye ke farauta, da yamma ne kuma dorina ke shirin fitowa kiwo.

Na huɗu, sai da babba wanda ya iya iyo. Yara uku ba su zama babba ɗaya ba. Da ɗan telan nan ya zame, yau gawa biyu ake magana.

Na biyar, jarka da igiya. Jarkar mai ta lita 5 ko 10, a rufe bakinta da kyau, a ɗaura mata doguwar igiya, a ajiye kusa. In wani ya faɗa, a jefa masa, kada a bi shi. Mai nutsewa duk abin da ya kama danne shi yake yi. Sau da yawa kuma ba ya iya ihu, ruwa ya cika masa baki, shi ya sa ido ya fi kunne amfani. Wanda ke da hali ya sayi rigar ruwa daidai jikin yaro, ba ta kai kuɗin wayar da muke saya musu ba.

Na shida, kifi ko ya fito ruwa bai gama faɗa ba. Murfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi, ga ƙayoyi a gadon bayansa. Ƙurungu da tarwaɗa suna suka, tsage yana da haƙora, minjirya kuma kowa ya san aikinta. In ƙugiya ta shige nama har kunnenta ya ɓace, kada a fizgo ta baya, a tafi asibiti.

Na bakwai ba daga dattijon na ji ba, daga asibiti ne. Suka ce tunda yaron ya shekara biyu yana shiga tafki, a gwada fitsarinsa. Aka gwada, sai ga tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan dodon koɗi take girma, ta fito cikin ruwa ta shiga ta fata. Da yawa a cikinmu mun tashi ana cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara. Maganinsa ƙwaya ce da ake kira praziquantel, gwargwadon nauyin yaro ake ba shi. Duk wanda yaransa ke wasa a tafki ko kogi ya kai su a duba.

Ba Lagdo kaɗai ba

Na san masu karanta mujallar nan ba duka ke Kamaru ba. Amma ku duba inda kasuwa ta zaunar da mu. Na Yeji suna bakin tafkin Volta, inda itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 suke tsaye a ƙarƙashi suna kama koma. Na Njamena da Kusiri suna bakin Shari da Logon. Na Gaya da Malanbil suna bakin kogin Kwara. Kasuwa tana bin ruwa, mu muna bin kasuwa, yaranmu kuma suna tashi a gaɓar da iyayensu ba su san halinta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya, wato fiye da mutum 30 a kowace awa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatarwa a kan wannan. Da can in na ji irin wannan lissafi a rediyo wucewa nake yi. Yanzu kuwa sai in tuna da tsagar dutsen da ta riƙe ƙafar ɗana.

Jaka goma da makaranta

Akwai wata ƙugiyar da ta kama yaron bayan ta farko, ita ce kuɗi. Da na nuna masa jaka 10 ɗinsa, na ce zan ajiye masa, sai ya yi shiru yana lissafi. Ɗan ɗan kasuwa ne ai. Can ya ce, "Baba, yaron shagonka a sati nawa yake samun wannan?" Na gane inda ya dosa. Bayan kwana biyu malaminsu ya aiko cewa yara huɗu a ajinsu ba su zo ba, an gan su a bakin ruwa da zare.

Ban yi masa wa'azi ba. Da aka yi hutu, na riƙa tashinsa da asuba muna tafiya inda jirage ke sauka. Na ba shi littafi da biro, na ce ya rubuta jirgi nawa suka dawo, nawa ne kuma suka kawo giwan ruwa da ya kai nasa. Kwana shida muna yi. Ya cika shafi da jirage, amma gefen manyan kifi babu ko ɗaya. Ya ga magidanta sun kwana a ruwa sun dawo da abin da bai cika kwano biyu ba. Ya ji da kunnensa suna cewa kifi ya ragu, raga mai ƙananan ido ta yi yawa, har hukuma na rufe su na wasu watanni da damina don kifi ya samu ya hayayyafa. Dattijon ya ƙara masa da cewa irin waɗannan manyan yawanci mata ne, masu ɗauke da miliyoyin ƙwai, kuma shi kansa da ya tsufa a ruwa yakan yi shekara bai riƙe irinsa ba.

A rana ta shida ya miƙo mini littafin ya ce, "Baba, ashe sa'a ce." Na ce sa'a biyu ma, ta kifin da ta ranka. Da kuɗin muka saya masa rigar ruwa da jakar makaranta, canjin yana wurin uwarsa.

Inda muka tsaya

Yanzu ranar Asabar da safe yake zuwa fatsa, tare da dattijon, bayan ya yi karatun allo. Siririn zare, ƙaramar ƙugiya, jarka a gefe. Kafin a bar shi ya sake riƙe sanda sai da ya yi wata guda yana koyon iyo a wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba. Telan da ya zo yana faɗa, shi ma ya kawo nasa. Mun yi magana da limaminmu ya ja hankalin iyaye bayan sallar Juma'a, yanzu yara tara ne ke zuwa, mu iyaye muna haɗa wa dattijon ɗan abin goro duk wata. Uwar har yanzu ba ta saki jiki ba, sai ta ga shigowarsa take iya cin abinci. Amma ita ke soya karfasar da yake kawowa, har tana aika wa maƙwabta.

Ni ma dattijon bai ƙyale ni ba. Ya ce ba zai koya wa ɗa ya bar uba ba. Ranar farko na shiga da wando da singileti, na rungume jarka kamar jariri, yara suna ta dariya a gaɓa, ɗana yana cewa, "Baba, saki jikinka, ruwan zai ɗauke ka!" Na sha ruwan Lagdo ya fi kofi uku. Yanzu dai ina iya kai kaina daga jirgi zuwa gaɓa in ba nisa, a shekara 46.

Tabon yana nan a tafin hannunsa, layi huɗu. In baƙi suka zo suna tambayar labarin kifin, nakan bar shi ya ba su yadda yake so, ya buɗe hannuwa ya nuna girmansa, har ya ɗan ƙara. In ya gama sai in ce ya juyo da tafin hannun su gani.

Roƙona gare ku, wanda duk ya tura hoton nan a wani zaure, ya daure ya tura wannan bayani a bayansa. Yau da daddare kuma ku tambayi yaranku, ba da bulala a hannu ba, ko suna zuwa bakin ruwa, da wa suke zuwa, kuma a ina suke naɗa zare.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya mai da kowa gida lafiya. Amin.